Babi na Shida: Gatarin Kawu

Gatarin Kawu yana wurina. Ƙotarsa ta ƙirya ce, tafin hannu ya goge ta har tana sheƙi kamar an shafa mata man gyaɗa. Bakin kuma yawan washi ya cinye shi, bai fi faɗin yatsu uku ba yanzu. Ranar rabon gado babu wanda ya waiwaye shi; ni na roƙa, 'ya'yansa suka ba ni. Da wannan gatari ya share gonarsa ƙarƙaf a zamanin ƙuruciyarsa, ko tsinken sabara bai bari ba. Da shi kuma, bayan shekaru, ya mayar da gonar nan inuwa tun daga wannan iyaka har waccan.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A hannunsa na tashi, a wani ƙauye na ƙasar jigawa tsakanin Maraɗi da Tasawa. Duk abin da na sani game da itace, kafin in karanta ko layi ɗaya a kansa, a bayan Kawu na koye shi ina rataye da gorar ruwa.

A da, a wajenmu, manomin kirki shi ne wanda gonarsa take fes. Wanda ya bar kalgo ko sabara a tsakiyar gona, ko dai rago ne ko ƙazami. Kowace bazara sai a yi sassabe, a tara, a cinna wuta. Ba wauta ce ta kawo haka ba, kuma raina yana ɓaci da masu rubutun da ke ɗora wa talaka laifin kwararowar hamada kamar shi kaɗai ya jawo ta. Dokar gandun daji da Faransawa suka kafa a 1935, wadda gwamnatin Nijar ta sabunta a 1974, ta mayar da itace dukiyar gwamnati. Gawon da ya tsiro a gonar ubanka, in ka sare reshensa ba da takarda ba, tara ta hau kanka. To wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? Gara ka kashe shi tun yana ɗan tsiro, kafin ma'aikatan gandun daji su san da zamansa. Ga noman gyaɗa da aka cusa mutane a ciki, ga garmar shanu da ba ta shiri da kututture, ga jama'a tana ƙaruwa har saurar da ake bari ta huta ta ƙare.

Da itace ya tafi, sai iska ta samu fili. A yi shuka, gero ya fito kamar allura, guguwar farkon damina ta taso da rairayi ta binne shi ko ta yanke shi. A sake shuka. Kawu ya ce akwai shekarar da ya yi shuka sau huɗu, har irin ya ƙare, ya je ya ranto. Mata kuwa su fita neman ƙirare tun da asuba sai rana ta take, a ƙarshe aka koma girki da kara da kashin shanu, wato takin gona ne ake turawa cikin murhu.

Sai ga 1984, shekarar da mutanen Nijar ke kira El-Buhari, domin a cikinta aka rufe iyakar Najeriya zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari, fari ya haɗu da rufewar hanya, hatsi ya yi wuyar shigowa. A wannan shekara ce Shugaba Seyni Kountché ya tara babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Dama tun 1975 ranar 3 ga Agusta, ranar 'yancin kai, ta zama ranar dashen itace. Ana dasawa kam. Sai dai dogonyaro da turaren da ake fito da su daga gidan reno a cikin leda, mafi yawansu ba sa ganin damina ta biyu: rana ta ƙone, gara ta ci, akuya ta ƙarasa.

Wani ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya zo Maraɗi a 1981 yana aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, yana cikin masu wannan dashe da ba ya kamawa. A 1983, yana ɗauke da dashe a mota, ya tsaya rage iskar taya don ya ratsa rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi a bakin hanya. Da ya duba ganyen, ya gane ba ciyawa ba ce. Itace ne da aka sare tuntuni, kututturen yana nan da ransa, saiwarsa ta nutse har inda danshi yake, kowace shekara yana toho, kowace shekara ana sassabe shi. Irinsa kuwa sun cika gonaki. Ashe dajin bai mutu ba, yana kwance ne a ƙarƙashin ƙasa. Da yunwar 1984 ta zo, sai aka haɗa rabon abinci da sharaɗin mutum ya bar wasu kututture su tashi a gonarsa.

Kawu bai taɓa yi wa kansa ado a wannan labari ba. "Ni don hatsi na shiga, ɗana," haka yake ce mini. "Ina da baki tara a gida. Da sun ce in bar ƙaya a tsakar ɗakina, da na bari." Da rabon abinci ya ƙare, yawancin mutane suka koma suka sare abin da suka bari. Shi ma ya ɗauki gatari. Ya sare gabas, ya sare kudu, ruwan farko ya riske shi bai kai ga kusurwar arewa ba, ya bar ta ya kama shuka. Da guguwa ta zo ta yi abin da ta saba, geron da ke bayan 'yan sabarar nan shi kaɗai ya tsira. Gani ya kori ji. Daga wannan shekara bai sake cinna wa gonarsa wuta ba, duk da dariyar da aka yi ta yi masa a bakin kasuwa.

Aikin ba shi da wani asiri, shi ya sa ya bazu daga manomi zuwa manomi ba tare da kuɗi ba, har aka sa masa suna sassabin zamani. Ina ganin Kawu yanzu a idona, ya durƙusa gaban kututturen kalgo mai toho wajen ashirin. Ba ya gaggawa. Sai ya raba su da hannu kamar mai tsefe wa yarinya kai, ya duba wanne ne ya miƙe, wanne ne ya fito daga gindi da ƙarfi. Ya zaɓi uku ko huɗu, sauran ya cire. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan ƙasa har wajen rabin tsayinsu, ya bar musu kai. Sarar kuma daga ƙasa zuwa sama yake yin ta, domin in ka saro daga sama reshen zai ɓalle ya ja ɓawo, ka yi wa itacen rauni, gara ta samu ƙofa. Na taɓa saro wani daga sama, ɓawon ya tsage har gindi. Bai daka mini tsawa ba. Hannuna ya kama ya ɗora a kan tsagar, ya ce, "Ji nan. Ka ji danshi? Jininsa ke nan." A ƙarshe ya ɗaura wa reshen da ya fi so ɗan jan ƙyalle, alamar wannan yana da mai shi.

Gawo ne ɗan gatansa. Wanda ya san gawo ya san itace ne mai saɓa wa 'yan'uwansa: da damina, lokacin da kowa ke kore, shi sai ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, rana ta samu gero, ganyen ya ruɓe ya zama taki. Da rani, kowa ya bushe, shi sai ya yi lif, dabbobi su taru a inuwarsa su ci 'ya'yansa su bar kashi a gindinsa. Saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar yadda wake ke yi. Kakanninmu sun san wannan tun kafin Bature ya zo. A Damagaram har yau ana ba da labarin yadda sarakuna suka tsananta hukunci a kan mai sare gawo. Abin da aka yi a shekarun 1980 tuni ne aka yi wa mutane, aka kuma sassauta musu tsoron tara, har dokar 2004 ta zo ta ƙara wa manomi iko a kan itacen gonarsa. Masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan, da suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da waɗanda aka ɗauka daga baya, sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ta farfaɗo a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Lokacin da aka ba Rinaudo da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, Kawu ya riga ya kwanta dama. Na tabbata da ya ji zai yi murna, sannan ya tambaya ko an yi ruwa a garinsu.

Bayan noma, Kawu yana da wani aiki da ba wanda ya naɗa shi. Shi ne mai haƙar kabari a ƙauyenmu. Ko tsakar dare aka yi rasuwa, ƙofarsa ake fara bugawa. Ya sha ba ni labarin shekarun da itace ya yi wuya har ana rasa abin da za a jera a rufe mamaci, sai an ciro azarar rumfar wani ko an nemo fasassun tukwane. Wannan abu ya tsaya masa a rai. Shi ya sa da gonarsa ta tashi, duk reshen da ya sassabo mai kauri kuma miƙaƙƙe ba ya shiga murhu. A bayan rumbu yake jingine su, na makabarta ne, kuma ko matarsa, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa su ko da itacen girki ya yanke mata.

Da aka kafa kwamitin tsaron itace a ƙauyen, irin wanda garin Ɗan Saga ya yi suna da shi, shi ya dage sai an sa mata da Fulani a ciki. Hujjarsa ita ce mace ke neman ƙirare, makiyayi ke neman ganye, in ka yi doka ba su a wurin to a kansu ka yi ta, kuma ba za ta kwana ba. A yunwar 2005, bayan fari da fara sun haɗu sun cinye amfanin shekarar da ta gabata, ya ce wa zawarawa da matan da mazansu suka tafi cin rani su shiga gonarsa su yi sassabe su kai kasuwa. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: shi zai nuna reshen da za a sara.

Ciwon ya fara ne da kaka. Abinci ya fita ransa, ya rame, idanunsa suka yi ruwan ɗorawa. Kowa ya ce shawara ce, aka shiga jiƙe-jiƙe. Ina birni a lokacin. Da aka gaya mini, kuɗi na aika na ce a ƙaro magani, ban zo ba sai da wata uku suka wuce cikinsa ya fara kumbura. Wannan wata uku har gobe suna damuna. Da na kai shi asibiti, likita ya ce mini ko da na kawo shi tun farko da wuya a ce abin ya sake, domin ciwon ya daɗe yana aiki a ɓoye. Na ji maganarsa, amma zuciyata ba ta karɓa duka ba.

Aka ɗauki hoton ciki, aka auna jini. Ciwon daji ne a hanta, tushensa kuma ƙwayar cutar hanta nau'in B. Likitan ya yi mana bayani dalla-dalla: a ƙasashenmu yawanci tun a wajen haihuwa ko a ƙuruciya ake ɗaukar ta, ta zauna shekara talatin ko arba'in ba ciwon kai ba zazzaɓi, tana cin hanta a hankali. In ta haɗu da dafin da fumfuna ke bari a jikin gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, haɗarin ya ninka. Kawu ya saurara har ya gama, hularsa a gwiwa. Sannan ya ce, "Likita, ni mai haƙar kabari ne, maganar nan ba baƙuwata ba ce. Zan kai girbi?" Likitan ya ce rai a hannun Allah yake, Baba, amma ba ya zato. "To sassabe fa?" Ya ce mai yiwuwa ne. Kawu ya mayar da hularsa, ya ce, "Alhamdu lillahi. Ya ishe ni."

Tambaya ta biyu da ya yi ita ce ko 'yan'uwansa ma suna iya kasancewa da ita, tunda ciki ɗaya suka fito. Da aka ce masa ƙwarai kuwa, bai bar asibitin ba sai da ya sa na yi alkawarin za a auna kowa. Cikin wata guda ya sa aka kwashe mu, ƙannensa da 'ya'yansa da mu 'ya'yan ƙannensa, aka auna kowa. Mahaifiyata ta so ta noƙe, ta ce, "Yaya, abin da Allah ya ɓoye me ya sa za mu tono?" Ya ce mata, "Ni ma haka na ce, ga ni nan." Ta je. An samu mutum uku a cikinmu da ƙwayar, har da ita, kuma har yanzu tana zuwa awo ana lura da hantarta. Ya kuma aika aka kira masa ungozomar ƙauye, ya maimaita mata abin da likita ya ce, cewa allurar rigakafin ta fi amfani in an yi wa jariri ita a cikin awa 24 da haihuwa, kada a jira ranar suna.

Bahaushe in yana jinya aka ce masa "ya jiki?" amsa ɗaya ce, "da sauƙi," ko da kuwa ransa na fita. Ladabi ne da tawakkali, ba na raina shi. Amma "da sauƙi" ɗin Kawu ta bambanta, domin shi sai ya faɗa maka inda sauƙin yake. "Da sauƙi, yau na sha koko ludayi biyar ya zauna." "Da sauƙi, jiya na yi barci daga isha'i har carar zakara ta farko." Wata rana cewa ya yi, "Da sauƙi, ƙafa ta ƙi, amma ido yana gani har bakin rijiya." Da farko na ɗauka ƙarfin hali yake yi don hankalinmu ya kwanta. Daga baya na gane aikin da ya saba ne yake yi wa jikinsa. Mutum ne da ya shekara talatin yana durƙusawa gaban abin da aka sare yana laluben reshen da ya rage da rai.

Ba na so in mayar da shi abin da ba shi ba ne. Ya sha wuya. Maganin zafi mai ƙarfi ba ya samuwa a ƙauye, wanda muka samo daga birni kuma ba kullum yake riƙe shi har safe ba. Ruwa ya riƙa taruwa a cikinsa, a kai shi a zuƙe, bayan kwana kaɗan ya dawo. Wani dare ina kwance a bakin ƙofarsa na ji yana kuka a hankali, yana kiran sunan Allah, yana kiran mahaifiyarsa da ta rasu tun ban zo duniya ba. Na shiga na riƙe masa ƙafa. Bai ɓoye hawayen ba, bai kuma ce mini ba komai ba. Cewa ya yi, "Daren nan yana da tsawo, ɗana. Zauna." Muka zauna har aka kira assalatu. Da gari ya waye maƙwabci ya leƙo gaisuwa, na ji yana ce masa, "Da sauƙi, ɗana ya kwana a wurina."

Masu zuwa dubiya da yawa da tasu damuwar suke zuwa. Wannan rikicin iyakar gona, wancan shanu sun shiga masa wake. Inna ta so ta hana, ya ce ta ƙyale su, kunnensa lafiya lau yake. Daga kan tabarmar nan ya sasanta wasu 'yan'uwa biyu da suka shekara ba sa ga maciji a kan wata tsamiya da ta tsaya daidai kan iyaka.

Ya kai sassabe. Da bazara ta kama, zafi ya tsananta, ya ce a ɗaura amalanke. Muka shimfiɗa masa katifa a kai, jikansa ɗan shekara goma sha biyu ya ja jakin, ni ina tafe a gefe da laima. A bakin gona ya ce a tsaya. Ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Gawon da ya rena daga tsiro sun yi girman da mutum ɗaya ba ya rungume su, kurciyoyi suna ta kuka a kai. Sannan ya sa aka kai shi kusurwar arewa, ya miƙa wa yaron gatarin. Hannunsa ba ya iya ɗaga shi, sai da sandarsa yake nuni. "Wancan. A'a, na bayansa, miƙaƙƙen. Bar shi. Cire na gefen." Yaron ya ɗaga gatari zai saro daga sama, Kawu ya ce, "Kai, maigida, daga ƙasa!" Ya ciro wani tsohon jan ɗankwalin Inna daga aljihu, ya riga ya yayyaga shi tun a gida, yana miƙo mini ɗaya-ɗaya ina ɗaurawa. Kututture goma sha ɗaya muka gyara ran nan kafin ya ce ya gaji.

A hanyar dawowa ya sa muka bi ta bayan rumbu. Ya sa na jawo itatuwan makabarta yana dubawa, wannan ya ce gara ta taɓa shi a fitar, wancan ya yi gajere. Ya ware wasu ya ce in ɗaure su daban. Na gane, na kasa ɗaurawa. Ya ce, "Haba ɗana, na yi wa mutum nawa? Ɗaure mana." Na ɗaure.

Ya rasu ranar wata Laraba da hantsi, kwana shida kafin ruwan farko, Inna tana riƙe da kansa, ƙaninsa yana laƙƙana masa kalmar shahada. Samarin da ya koya wa haƙa su suka haƙa nasa, ban ga wanda ya gyara musu ko kusurwa ɗaya ba. Fulanin rugar da ke yamma da mu suka zo da yawansu har sahu ya fita bayan masallaci. Da aka sa shi a ramin ciki aka juya fuskarsa gabas, aka kwance ɗaurin nan, aka jera itatuwan a kansa ɗaya bayan ɗaya, kalgo da sabara da reshen gawo guda biyu, suka rufe daidai ba a nemi ƙari ba. Aka toshe da ganye, aka bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa.

Sauran da ke jingine a bayan rumbu sun kai ƙauyen har bayan girbi. Na farko da aka rufe da su bayansa wata tsohuwa ce Bafulatana da ba ta da ɗa namiji, jikan nan nasa ne ya ɗauko su a ka ya kai makabarta.